Na Ci Jarrabawar da Take Kayar da Shi, Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Kano ce, ina zaune da yayata a University Heights cikin Bronx, aikina kula da wata tsohuwa a gidanta. Tun ina ƙarama littattafan soyayya ne abincina, da a ƙarƙashin tebur nake karanta su a aji, yanzu kuma a waya cikin jirgin ƙasa. A cikinsu na koyi cewa mace mai daraja ita ce mai sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, wadda in namiji ya yi mata bayani sai ta ce "to". Da wannan karatun a kaina na haɗu da wanda zan kira Lawali, ɗan Nijar, dogo mai sanyin murya, yana tsaron shagon kawunsa a unguwar Morrisania. Na shiga sayen kuka da daddawa, ya ji ina faɗa a waya cewa zan je Port Richmond, can tsallaken ruwa, sai ya shiga yi min kwatancen inda ake hawa jirgin ruwa. Anti, hanyar nan na daɗe ina bin ta. Amma yadda yake zana ta da yatsa a kan kanta, sai na ji kamar na buɗe shafin farko na labarina, na ce ban gane ba, ya sake. Ya kuwa sake. Tun ranar na zama yarinyar da ba ta ganewa sai Lawali ya yi bayani. Da ya tambayi abin da na karanta a jami'a, na ce akanta ne amma da ƙyar na fita, alhali ni nake koya wa 'yan ajinmu lissafi.

Burin Lawali ɗaya ne, ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci. Kafin makarantun su dube ka akwai wata jarrabawa da ake yi a kwamfuta, lissafi da Turanci da nazarin alƙaluma, kowane sashe da lokacinsa ƙididdigagge. Ya zauna, makin bai kai ba. Ya sake, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Na ga mutumin da ke sa ni dariya ya koma shiru, har ya rame. Sai zuciyar nan tawa ta littafi ta kawo min shawara: ai masoyiya ta gaskiya ita ce mai ɗanɗana abin da masoyinta yake sha. Na karɓi wani tsohon littafinsa na ce zan ba wata ƙawata, na riƙa dubawa da rana in tsohuwata ta yi barci, na yi rajista a ɓoye. Na ma gama tsara yadda abin zai kasance: zan faɗi, in zo masa da hawaye in ce, "Na shiga wutar da kake ciki don in ji zafinta," shi kuma ya kalle ni irin kallon da ake rufe babi da shi. Ranar jarrabawar na ce masa suna zan tafi.

Ina danna amsar ƙarshe maki ya fito a fuskar kwamfutar. Ya haura wanda Lawali yake nema, nesa ba kusa ba. Zan ɓoye muku ne? Abin da na fara ji daɗi ne. Na fito titi ina dariya ni kaɗai, ina jin kamar na haɗu da wata tsohuwar ƙawa da na daɗe da yarwa. Sai da na zauna a cikin bas tsoro ya sauko min. Da wane baki zan faɗa masa?

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma yanzu na san ainihin ciwonsa, kuma ina kallo na yi shiru. Duk Asabar muna zama a laburaren unguwa yana gwaji, ni ina gefe. Lawali ya fi ni sanin lissafi, wallahi ya fi ni. Matsalarsa ita ce kowace tambaya sai ya warware ta daki-daki, layi bayan layi, da rubutunsa mai kyau, kamar akwai malamin da zai duba. In ya haɗu da mai taurin kai sai ya tsaya kokawa da ita, lokaci ya ƙare ya bar tambayoyi masu sauƙi a baya ko ganinsu bai yi ba, su ne kuma suke jan makinsa ƙasa. Maganin ba wani dogon karatu ba ne: ka fitar da amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran, ka wuce. Cikin 'yan makonni mutum zai iya sabawa da haka.

Sau ɗaya na gwada. Na yi ƙasa da murya na ce, "Lawali, in tambaya ta yi wuya, ba a iya zaɓar ɗaya kawai a wuce?" Ya yi dariya har ya ajiye biro. Ya ce, "Gimbiya, wannan ba zaɓen atamfa ba ne. Malaminmu na lakkwal, makarantar boko ke nan, in ka kawo mashi amsa babu hanya, sifili zai dangwara maka. Ni ba ni canki-canka." Na ce ai na ji masu koyarwa a waya suna faɗin haka. Ya ce, "Dabarar ragwaye ce. Wanda bai taɓa zama cikin ɗakin jarrabawar nan ya ci ba, kar shi koya mini. Bon, ke dai ki yi ta addu'a, nan ne fanninki." Sai ya sassauta murya ya ce, "Kowa a garin nan tsere yake da ni. Ke kaɗai ce in na gan ki nake hutawa." Kun san abin da na yi? Na sunkuyar da kai, na kama gefen mayafi, na ce "to".

Da abin ya ishe ni na faɗa wa yayata tana tuƙa tuwo. Ta saki muciya ta ce, "Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Bawan Allah yana nutsewa, ke kina bakin ruwa kina gyara ɗaurin ɗankwali don ki yi masa kyau!" Na ce, "Yaya, in ya ji na fi shi maki zai tsane ni." Ta ce, "To Malama Gimbiya, haka za ki yi ta zama doluwa har ki haifa masa 'ya'ya? In sun kawo aikin gida ki ce a jira Baba?" Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Yanzu saura ƙasa da wata ɗaya ya sake zama, kuma wannan ne zama na ƙarshe kafin makarantun su rufe karɓar takardu. Kawunsa da ya rage masa aiki don ya yi karatu ya riga ya ce daga wannan an gama, shago yana jiransa safe da yamma. In na yi shiru, ina ganin faɗuwarsa tana tahowa kamar yadda nake ganin tafin hannuna. Ba zai saurari maganata ba kuma sai na nuna masa makina, in na nuna masa kuwa zai gane babu sunan da na je, babu ƙawar da na kai wa littafi, har hanyar jirgin ruwan ma na san ta. Wace ce to yake so? Ni, ko wadda na ƙirƙira masa? Kuma wace irin soyayya ce wannan da na fi tsoron ya daina ce min Gimbiya a kan ya rasa burinsa?

Jiya ya kira ni ya ce Asabar ɗin nan zai yi cikakken gwaji, yana so in riƙe masa agogo. "Ba sai kin gane komai ba," in ji shi, "in lokaci ya cika ki ce mini ya cika." Zan zauna a gabansa ina kallon mintocinsa suna zubewa a kan tambaya ɗaya, maganin yana bakina.

Anti, jama'a, in buɗe baki kafin agogon ya fara, ko in sake cewa "to"? Me zan yi?