A Kwashe Mana Albasa Daga Ɗakin Karatu

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'a, da gajiyar aikin rani. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ni ce Rabi'atu ungozoma, 'yar amininka marigayi Malam Garba mai gyaran injin ban-ruwa. Kai ka zama waliyyina ranar da aka ɗaura mini aure, saboda haka ka san ba tarbiyyar gidanmu ba ce 'ya ta yi wa babba magana a bainar jama'a. Na turo maigidana, ka ce za a duba. Na turo liman, ka ce za a duba. Na zo da kaina na durƙusa a zaurenka, ka sa mini albarka, ka ce, "Ki ƙara haƙuri 'yata, kasuwa ce ba ta buɗe ba." Yanzu kuwa lokaci ya ƙure mini, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ga abin da ke tafe da ni, saboda waɗanda za su karanta ba su san zancen ba. Na samu tallafin ƙarin karatu na shekara guda a ƙasar waje, a kan ceton mata masu zubar jini wajen haihuwa. Sharaɗi ɗaya ya rage: in ci jarrabawar ƙwarewa a Turanci. Na zauna mata bara a Kano na faɗi, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu tallafin sun yi mini uzuri, sun riƙe mini gurbin zuwa ƙarshen wannan damina. Sun kuma faɗa mini ba za su sake riƙewa ba.

Ba wai ba na jin Turanci ba ne. Ina da Turancin asibiti, na allura da awon ciki da rubuta rahoto. Amma jarrabawar nan ba ruwanta da asibiti. Sai a ce ka yi bayani a kan gidan adana kayan tarihi, ko jirgin ƙasan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ko narkewar ƙanƙara a wata duniya da ban taɓa gani ba. Bara mai jarrabawar ya ce in siffanta masa wani gini da ke burge ni. Ginin yana nan a idona, amma kalmomin suka ƙare mini. Na ce babba ne, na ce yana da kyau, na sake cewa babba ne, sannan na koma kallon agogo har lokaci ya cika. Na yi kuka a mota tun daga Kano har Kura.

Da na dawo, Allah ya haɗa ni da Malama Rifkatu, 'yar Filaton nan mai shagon kayan shayi a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, wadda ta yi shekaru tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Ko sisi ba ta karɓa ba. Bayan la'asar take rufe shagonta, mu haɗu a ɗakin karatu na gari, ni da wasu samari biyu masu irin wannan nema. Sai ta zaro tsohuwar jaridar Turanci ta ce in karanta da ƙarfi. Duk inda na yi tuntuɓe ta tsayar da ni, in je in buɗe babban ƙamus da hannuna, ba za ta taɓa faɗa mini ma'anar ba. Kuma ba a tashi sai kowa ya ba da labarin gidansu ko gonarsu da sababbin kalmomin. Daga nan ta kunna mana kwamfuta mu saurari yadda masu harshen suke furta su. Idan ta gamu da ni a kasuwar Bunkure ma ba ta ƙyale ni, a gaban mai tattasai za ta tare ni da tambaya. Cewa take, "Kalma kamar tumatir ce, Rabi. In ba ki yi miya da ita ba, ruɓewa za ta yi a hannunki." A 'yan watannin nan bakina ya fara buɗewa, har na fara sa rai.

Sai aka cire albasa a gonaki.

Na farko, Baba, ɗakin nan ba na ƙungiya ba ne ita kaɗai. Karo-karo aka yi aka gina shi. Mata sun ɗebo ruwa, samari sun yi bulo, mahaifina da hannunsa ya ɗaura sola da fankokin da ke ciki. Amma da farashi ya faɗi a bazara, kuka zauna kuka ga babu inda ya kai shi manyan tagogi da iska, kuka ce a ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Aka jingine bencuna a bango, aka zuba yashi, aka baza albasar tun daga bakin ƙofa har ƙurya, aka sa kwaɗo. Ba a yi shawara da ko ɗaya daga cikin masu karatu a wurin ba. Yau fanka tana juyawa dare da rana a kan albasa, mu kuwa muna waje.

Na biyu, ba a ma bari mun ɗauki kayan karatun ba. Ƙamus da kwamfuta suna can ƙurya, an ce idan aka taka albasa za ta ruɓe. Da na leƙa ta taga, sai na ga jaridun da Malama ta yi shekaru tana tarawa, su aka shimfiɗa a inda yashi bai kai ba. Ban faɗa mata ba. Amma ita ma ta gani da idonta.

Za ka ce mu nemi wani wuri, kuma mun nema. Ɗakin Malama ɗaya ne, bangonsa manne da injin casar shinkafa, sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Gidana akwai yara da surukata marar lafiya, ba kuma zan shigo da samarin mutane ba. Mun gwada gindin mangwaro a bakin kanal, ruwan sama ya kore mu. Waya kuma, ka san yadda sabis yake a garin nan. Samarin biyu sun haƙura, ɗaya ya koma tallan shinkafa a Garun Mallam. Ni kaɗai na rage, kuma ina ji a jikina kalmomin suna zubewa. Jiya na nemi wata da na san na iya ta sarai, na juya na juya, ba ta zo ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Liman yana da albasa a ciki. Mai unguwa yana da ita. Yayana Tasi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, nasa kason yana gindin allo, da shi yake sa ran biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Da na yi masa magana ya ce, "Haba Rabi, Turanci ai ba ya ruɓewa." Ni ma 'yar manomi ce, na san abin da ake ji idan wahalar rani guda ta tashi a banza. Ba na fatan kowa ya yi asara. Amma matan da nake karɓar haihuwarsu, waɗanda wata rana sai dai mu sa su a mota muna addu'a har Kano, matanku ne da 'ya'yanku. Don su na nemi wannan karatu.

Roƙona, ranka ya daɗe, kaɗan ne. A kwashe albasar a kai ta wani wuri. In hakan ya yi nauyi, a tattara ta gefe guda a bar mana wurin benci ɗaya, warin ba zai dame mu ba. In shi ma ba zai yiwu ba, a sa wani ya miƙo mana ƙamus da kwamfuta ta taga.

In kuwa duk ba za a iya ba, to ka yi mini alheri ɗaya: kada ka sake cewa za a duba. Ka faɗa mini gaskiya a wannan mako, in rubuta wa mutanen nan su ba wata gurbina tun da sauran lokaci. Akwai wata ungozoma a wani gari da ke bayana a layi, bai kamata in tare mata hanya ina jiran kasuwa ba.

Allah ya ja kwana, ya sa ku sayar da riba, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi'atu ungozoma.