Hannun Sojan Katako

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, gwiwar ma ta yi sauƙi. Na ba direban da zai kai ƙofofi unguwarku wannan takarda, don a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, sai ki riƙa yi mini gyara kamar ina cikin ɗaliban da kika koyar.

Maman yara ta faɗa mini abin da kuka ƙulla. Wai 'yata, Uwata mai sunan mahaifiyarmu, ta koma gidanki da zama, ki riƙa koya mata karatu a falo, kada ta shiga sakandare yara su sa ta gaba saboda tsawonta ya tsaya. Amsata ita ce a'a. Shekararta goma sha uku, kuma da ƙwaƙwalwarta ta ci jarrabawa, ba da ƙafafunta ba.

Na san abin da ya tayar da maganar, zuwan da muka yi Garin 'Yan Tsana, wurin wasan yaran nan, ranar Asabar ne. To ki ji daga bakina. Wurin ya yi kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Gidajen duk da bulon roba mai launi-launi aka gina su, ga wata agwagwar roba da ta fi rufin shagona tsawo. Na duba waldar lilonsu, da yarona ne ya yi ta da ya sha faɗa, amma za ta riƙe. Ma'aikatansu suna sanye da kayan 'yan tsana, mutane suna ɗaukar hoto da su. Uwata ta sa jar rigarta mai ɗigon rawaya, ita ta zaɓa da kanta. Sai wata mata ta zo ta tsayar da ɗanta kusa da ita, ta ɗaga waya, ta ce, “'Yar tsana, ɗan yi mana murmushi.” Na faɗa wa matar nan abin da ba za ta manta ba har ta tsufa.

Daga nan muka je layin jirgin da ke hawa sama ya gangaro a guje. A bakin ƙofar sun kafa wani sojan katako ya miƙa hannu, wai duk yaron da kansa bai taɓa hannun ba, ba zai hau ba. Ƙaninta Auta, ɗan shekara takwas da har yau ita ke ɗaura masa igiyar takalmi, ya wuce. Ita aka tare ta. Na nuna musu ta kai, a gaban kowa. Na sa aka kira manaja, na faɗa masa ni da yake gani da injin walda na aro na fara a bakin titi, yau gidaje da yawa a shagona suke cin abinci, babu mai auna mini 'ya da katako.

Abin da ya faru ke nan. Ban ga abin da zai sa a ɓoye yarinya a bayan labule ba. Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙaninki mai ƙofofin ƙarfe.

*

Ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Takardarka ta iso, na karanta ban gyara ko kalma ɗaya ba, ko da yake hannuna ya yi ta laluben jan biro.

Ka rubuta cewa ka nuna musu ta kai. Ba ka rubuta yadda ka nuna ba. Wani ya ɗauki bidiyo, ya zaga har ya iso wayar maƙwabciyata, ita ta kawo mini ba tare da ta san ɗan'uwana ba ne. Ka sa hannu a hammatar yarinyar da ta fara zama budurwa, ka ɗaga ta sama kamar jaririya har kanta ya bugi hannun sojan, kana cewa, “Ga shi nan ta kai.” Ƙafafunta suna lilo a iska, takalminta ɗaya ya faɗi. Jama'a suna dariya. Kai manaja kake kallo. Ni fuskarta na kalla, kuma ba na son in sake ganin irinta.

Matarka ta ce tun ranar a ɗaki take cin abinci. Ka lura, ko kana shago?

Ba ɓoye ta nake son yi ba. Na daɗe ina koyarwa, na san abin da yara suke yi wa wanda ya bambanta da su idan malami ya juya baya. A gidana akwai ɗaki mai taga biyu, akwai littattafai, babu mai zuba mata ido. Za ta yi jarrabawarta daga nan ta ci. Kai kana son duniya ta san 'yarka ba ta tsoron kowa. Ka taɓa tambayarta ko tana tsoro?

Allah ya sassauta maka zuciya. Ka shafa mini kan Auta.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa irin ta kullum. Na karanta takardarki a tsaye, ban zauna ba sai da na gama yanka ƙarfen taga guda don in huce. Wanda ya ɗauki bidiyon nan, Allah ya haɗa ni da shi. Ke kuma da kike ganin na yi abin kunya, ina kike lokacin da likitoci suka ce mu haƙura, ba za ta ƙara tsawo ba? Ni na rage tsawon kowane makunnin fitila a gidana. Ni na yi mata matakala a bakin famfo da gaban madubi. Kada a koya mini son 'yata.

Amma tun da kin ce in tambaye ta, ba sai na tambaya ba, ita ta zo. Jiya da hantsi sai ga ta a shago, ta hau kujerarta da na ƙera mata, ta ce a kashe injin. Yaran shagona suka kashe, ko kallona ba su yi ba.

Ta ce, “Baba, ka san abin da ya sa na shiga layin nan?”

Na ce, “Don ki hau mana.”

Ta ce, “Don in raka Auta bakin ƙofa. Tsoro yake ji. Ni tun daga nesa na ga hannun sojan, na san ban kai ba. Ƙarfen da ke danne mutum a kujera ba zai riƙe ni ba, da na zame ta ƙasansa. Kai da kake aikin ƙarfe ai ka fi ni sani.”

Na ce ai ba maganar ƙarfe ba ce, maganar raini ce.

Ta ce, “Matar nan ta ɗauke ni 'yar tsana don ba ta san ni ba. Kai ka san ni, kuma ka ɗaga ni.”

Na juya na ce wa yaran shago me suke kallo, aiki ya ƙare ne?

Daga nan ta ce ita gidan Gwaggo take son komawa. Kin ji, kin yi nasara, sai ki sa a share ɗakin. Na ce ba zan ɗaure ta ba, amma ban yarda a ce wani katako mai fentin gashin baki ne ya kori 'yata daga cikin mutane ba. Mu koma wurin sau ɗaya, in ta fito ta ce gidanki, ni da kaina zan kawo ta da akwatinta.

Ta ce, “Da sharaɗi. Za ka zauna a benci ka riƙe mana jaka. Ko me ka gani ba za ka tashi ba, ba za ka buɗe baki ba.”

Na ce, “Ko an taɓa ki?”

Ta ce, “In an taɓa ni ina da baki.”

Ni da ko mai gidan haya bai taɓa sa mini sharaɗi na karɓa ba, na karɓi nata. Asabar za mu koma. Kada ki ɗauka na sauko ne, har yanzu ina kan maganata, makaranta za ta shiga.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. An share ɗakin tun kafin ka ba da izini. Ban kira wannan nasara ba, yarinyar ba kofi ba ce da za mu yi gasa a kanta.

Kai ka yi shiru a cikin jama'a? Tun kana rarrafe ban taɓa gani ba. Da gwiwata za ta yarda da na zo kallo. Abu ɗaya nake roƙo, in ta yi kuka ka bar ta ta yi, kada ka mayar da hawayenta abin faɗa da mutane. Kuma in ta ce nan take so, ka kawo ta ba tare da ka ɗaure mata fuska a mota ba.

Allah ya kai ku lafiya.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Mun je mun dawo, kuma ga ni da raina, ko da yake ban san yadda aka yi ba.

Jar rigar nan ta sake sawa. Maman yara ta ce ta canja, Uwata ta ce ba rigar ce ta yi laifi ba. Suka zaunar da ni a wani benci mai siffar kada, jaka a cinya, robar ruwa a hannu, kamar tsohuwar da aka kawo asibiti. Ta raka Auta layin jirgin, ta tsaya nesa da sojan, ta ɗaga masa hannu har ya hau. Ya sauko ya ƙanƙame hannunta yana cewa ko kaɗan bai ji tsoro ba.

Wani dattijo ya nufo ta da jikarsa da waya a hannu. Na ji jinina ya hau kai. Ta ɗaga masa hannunta mai zaren tikiti, ta ce, “Baba, ni ma wasa na zo yi.” Mutumin ya ji kunya, ya ba ta haƙuri, har jikar ta ba ta alewa. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ashe ba a gama ba. Wani saurayi mai baƙin gilashi, shi da abokansa, ya bi ta da waya yana cewa, “Kai, ku zo ku ga wadda batirinta bai ƙare ba.” Ta tsaya ta ce ya goge. Ya yi dariya, ya ƙara matsowa. Yaya, ni na san nauyin hannuna. Taku kaɗan ne tsakanina da yaron nan. Ta waiwayo ta kalle ni, kallo ɗaya, na koma na zauna, don ashe har na miƙe ban sani ba. Hannun jakar maman yara ya tsinke a hannuna, sai na saya mata wata.

Ta zaga bayan agwagwar roba ta daɗe. Na san kuka take yi. Na bar ta, ba don kin ce ba, don na yi alkawari.

Da ta fito ta wanke fuska a famfo, ta ja Auta suka shiga layin motocin karo, ƙananan nan masu roba a gefe da ake bugun juna da su. Sojan katakon wurin gajere ne, kanta ya wuce hannunsa. Sai ga mai gilashi da abokansa sun shiga su ma, ƙatti da su, gwiwoyinsu har haɓa. Ana kunna wuta ta juya sitiyari ta nufe shi. Ta buga masa ta gefe. Kafin ya gyara ta zago ta buga ta baya. Auta ya tare shi ta gaba. Ya nemi ya yi dariya, ta sake bugawa, gilashin ya faɗi, wata mota ta bi ta kai. Matan da ke tsaye a bakin shinge suka fara cewa, “Ƙara masa, yarinya.” Abokansa ma suka koma yi masa dariya. Har aka kashe wuta ba ta bar shi ya fita daga lungu ba.

Ban ce uffan ba. Na dai buga bencin da tafin hannu har bakin kadan ya tsage, wannan kuwa ba ya cikin sharaɗi.

Ta zo tana haki ta ce, “Baba, ruwa.” Na ba ta. Na ce, “An sake ni in yi magana?” Ta ce, “Tukuna.” Bidiyon da ya ɗauka yana nan a wayarsa, bai goge ba, ita ma ta sani. A mota na kasa haƙuri na ce to gidan wa? Ta ce Gwaggo za ta fara faɗa wa, da bakinta, ba ta hannun direban ƙofofi ba.

Don haka ki jira kiranta. Ni ma jira nake, kuma ba na son jira.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Gaisuwa. Na san kun yi magana, ta rufe ƙofa ban ji komai ba. Ta dai ce ki bar mata ɗakin, za ta zo hutu.

Yau aka koma makaranta. Ta ce in sauke ta a kwana, kada in kai ta bakin ƙofa. Jakar makarantarta ta kusa taɓa ƙasa. Wasu yara a bakin ƙofar suka daina surutu suka juyo gaba ɗaya, na ga ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa yana nuna ta. Ba ta rage tafiya ba, ba ta waiwayo ba, ta ratsa ta tsakiyarsu ta shige.

Ban bi ta ba. Na tsaya wurin mai faci da ke kallon makarantar, na ce ya duba mini iskar tayoyi. Ya duba ya ce lafiyarsu ƙalau. Na ce ya sake dubawa.

Ƙaninki.