Irin Kaura a Ɗakin Dutse

Tudun Wada,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga angona Nazifi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zafin Zariya? Allah ya sa ba ka ƙara ramewa ba, don ni miji kamar sillen kara bai yi mini ba.

Ka ga takarda daga Tudun Wada ko? Baffanka Sunusi ne ya kwaso ni ya jibge a gidan gwaggonka Rashida, wai zai gyara mana gidan gona na Doguwa. Gidan da marigayi Malam kakanka ya gina, shi da jaki ɗaya, rani uku suna sauko da dutse daga tsaunin bayan gida. Kowane dutse sai ya jujjuya shi ya ga gefen da zai zauna, sannan ya liƙe da jar ƙasa. Kaurin bangon kuwa, kai kanka ka sha barci a kan taga. Amma wai abokan Sunusi na Abuja sun ce kamar ɗakin awaki.

Na je leƙe ranar kasuwa. Nazifi, da ma ban je ba. Sun shafe dutsen kaf da siminti, sun bi shi da fenti ruwan hoda, gida ya koma kamar tsohuwa ta yi kwalliyar biki. Tsakar gida duk tayil mai santsi. Sun buga silin sun rufe azarar da nake rataye zangarniyar iri. Ka san ta, kaurar nan da uwar Malam ta damƙa mini ina amarya. Shekara hamsin da biyu ban bari ta yanke ba. Birkilan da ke aikin ginin ya ce sun adana mini ita, ya kuma hana ni shiga, wai tayil bai kama ba. Hankalina bai kwanta ba.

Rashida na gaishe ka. Ka ci abinci.

Matarka ta fari,
Kaka Halima.

Doguwa,
24 ga Yuni.

Nazifi,

Ina gaisuwa, da fatan ka gama jarrabawa lafiya. Mu dai jiki lafiya.

Na dawo shekaranjiya don shuka. Ina buɗe ɗakina wari ya maido ni baya, kamar an manta fata a rijiya. Ruwa kwance a ƙasa har idon sawu, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ƙazuwa.

Ka tuna ƙananan ramukan nan shida a gindin bango, da kuke cusa kara kuna wasa? Malam ya bar su ne don ruwan tsauni ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya wuce. Birkila ya ɗauka ramin maciji ne, ya toshe. Babu wanda ya tambaye ni, ga ni da raina.

Irin kuwa, a buhun taki suka dura shi, suka ɗaure, suka yar a ƙasa. Na kwance, baƙi ƙirin, fumfuna da tsutsa. Sai da na yi amai. Daga nan na zauna na yi kuka, kar ka faɗa wa kowa.

Na aika har Burumburum neman irinta, babu. Kowa ya koma masara da irin kamfani. Sunusi ya bugo waya wai zai sayo mini sabo, sai ka ce sabulu ya ƙare. Na tsinci 'yan ƙwayoyin da ba su ruɓe ba, ba su cika tafin hannu ba, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ka taya ni addu'a.

Taka,
Kaka.

Doguwa,
1 ga Yuli.

Angona,

Sallama da gaisuwa, ya hutu? Albishirinka: goma sha ɗaya sun tsira.

Ba zan kai su gona awaki da tsuntsaye su gama da ni ba, a gaban idona nake son su. Na duba gidan nan kaf, babu ƙasar da za a soka yatsa. Sai na ɗauko taɓarya. Ramukan Malam na fara buɗewa, ruwa ya yi ta bulbulowa har la'asar. Sannan na fasa tayil goma sha ɗaya a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakina. Ashe ƙarfina na nan. Kowanne na ba shi raminsa da ɗan takin akuya, yau har sun miƙe.

Sunusi zai zo ranar Juma'a da abokan nasa su ga gida. Bai sani ba. Ka zo Alhamis, ka taho da wayar kaji ta shinge, ka kuma tsaya kusa da baffanka ko zai faɗi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kakarka,
Halima.