Mijina Kaɗai Ba a Sayar Ba

Raushan-apai, gwaggon kowa, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma a garin nan ba wanda zan gaya wa damuwata maganar ba ta riga ni isa gida ba.

Mijina, bari in kira shi Medet, shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, wasan nan da ake yi da sanda a kan daskararren ruwa. Shekararsa talatin da huɗu, tun yana saurayi yake tsaye a wannan raga. Bara saura ƙiris su ɗauki kofi. Muna cikin cewa bana sai mu, sai sabon shugaban ƙungiya ya tara 'yan jarida ya ce wai za a rushe a sake gini daga tushe. Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka an sayar da duk wanda ya iya zura ƙwallo, an sayar da 'yan bayan da ke kare Medet, har da amininsa da suka tashi a layi ɗaya. Mijina kaɗai aka bari, wai shi ne ginshiƙi.

Ni ba ƙwararriya ba ce, apai, amma na daɗe ina zama a kujerun matan 'yan wasa da bargo a cinya, na san abin da idona ke gani. Yaran da aka kawo ba namu ba ne, aronsu aka yi daga wata babbar ƙungiya. Da zarar ɗaya ya fara iya juya sanda sai a bugo waya a ce ya haɗo jakarsa, a turo mana wani ɗanye shakaf. Makarantar yara ta ƙungiya kuwa, inda shi Medet ya koya, an ƙwace mata rabin lokacin atisaye ana ba masu haya. Wai duk wannan shi ne ginin.

Jikin mijina ne ke shan wahalar. Kin san baƙar robar nan da suke bugawa a madadin ƙwallo, in ta daskare ba ta da maraba da dutse, kuma kowane wasa ruwanta ake yi masa, babu mai tare masa ko ɗaya. Kwatangwalonsa ya lalace, likita ya ce in an yi sa'a ya ƙara kakar wasa biyu. Yanzu da safe ni nake sa masa safa, don ba ya iya sunkuyawa. A wasan da ya wuce wani ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo ya ce, "Medet, gobe ka taho da katifa, ai a ragar nan za ka kwana!" Jama'a suka kwashe da dariya, shi ma Medet ya ɗaga masa sanda yana dariya. Ni kuka na yi a cikin mota.

To ga inda gizo ke saƙar. Wata ƙungiya a can yamma, wadda da gaske take neman kofi, ta nemi Medet na kaka ɗaya, kuma tana son amsa kafin a rufe kasuwar 'yan wasa. Amma Medet auta ne, a al'adarmu kuwa gidan uba nasa ne, shi zai zauna da tsoho. Yayyensa biyu, kin san ba zan kama sunansu ba, sun daɗe da tafiya, sai dai waya ranar salla. Ata, wato surukina, a masana'antar narka ƙarfe ya ƙare ƙuruciyarsa, huhunsa ya gaji, kuma ya rantse ba zai bar garin da kabarin matarsa yake ba. Shi ne ya riƙa kwarara ruwa a tsakar gida kowane hunturu don Medet ya sami ƙanƙarar koyo. Har yau bai san da tayin ba. Medet ya hana ni faɗa. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce, "Ke dai bar ni, in na tafi wa zai tsaya wa yaran nan a baya? Wa zai kai Ata asibiti?"

Kwanaki shugaban ƙungiya ya zo gidanmu da kansa. Na yi beshbarmak, naman nan da taliya da muke karrama baƙo da shi, ya ci ya siɗe hannu, sannan ya dafa kafaɗar Ata ya ce in Medet ya zauna, za a rataye rigarsa a rufin filin wasa, kuma ba za a sake ba kowa lambarsa ba. Tsoho har da hawaye. Ni kuwa da na zo zuba shayi, maimakon ɗan rabin da ake zuba wa baƙon da ake son ya daɗe, sai na cika masa finjali taf har yana zuba, wanda a wajenmu sallama ce. Ya gane sarai, ya shanye ya tashi. Bayan ya fita Ata ya dube ni ya ce, "Kelin, matar ɗana, hannunki ne ya yi rawa?" Na ci gaba da kwashe finjalai. Sai ya ce, "Yi haƙuri 'yata, shekara uku kawai, kofi zai shigo gidan nan."

Apai, Medet ba shi da shekara uku, kuma Allah ya yafe mini, ban ga alamar Ata yana da su ba. Wani lokaci haushin tsohon nake ji, daga baya in ji kunyar kaina. Ki gaya mini gaskiya, wannan sake gini ne ko wayo ake mana? Kuma in gaya wa Ata a bayan idon mijina?

Surukar da hannunta bai yi rawa ba.

*

'Yata, idonki bai yaudare ki ba. Ƙungiyar da ke sake gini takan haƙura da faɗuwa yau don yaranta su yi nasara gobe, kuma yaran nata ne, a hannunta kwantiraginsu yake. Takan ƙara wa makarantarta ƙarfi. Tsohon ɗan wasan da ta riƙe kuwa lallaɓa shi take yi, ta samo masa mataimaki su raba wasanni. Ko ɗaya ban gani a wasiƙarki ba. Kiwo kuke yi wa wata ƙungiya, an bar Medet ne don 'yan gari su ci gaba da sayen tikiti. Kuma ko da ginin na gaske ne, ba domin ɗan shekara talatin da huɗu mai ciwon kwatangwalo ake yinsa ba.

Amma kada ki ɗauka tafiyar magani ce. Ciwon zai bi shi can, wataƙila a benci zai ƙare kakar. In kuma ta Allah ta kasance da Ata yana nesa, Medet ba zai yafe wa kansa ba, ke ma ba lallai ya yafe miki ba. Riƙon da yake yi wa mahaifinsa ba wauta ba ce. Duk hanyar da kuka bi akwai asara, ba zan ɓoye miki ba.

Kada ki gaya wa Ata a bayan idonsa, aurenki za ki taɓa. Ki zaunar da Medet ki ce masa shi ma ba shi da hurumin yanke wa tsoho hukunci a ɓoye. Mutumin da ya riƙa kwarara masa ruwa cikin sanyi ya cancanci a tambaye shi. Ya faɗa masa da bakinsa, har da abin da likita ya ce, ya nemi albarkarsa. Ya kuma kira yayyensa. Auta ke gadon gida, amma ba shi kaɗai aka haifa ba, ɗayansu ya zo ya riƙe hunturu ɗaya. Ki shirya jin a'a daga dukkansu, don ita ce amsar da na fi zato. In Medet ya zauna, ya sa sharaɗin a kawo mai tsaron raga na biyu, kuma ya ga likitan da ba ƙungiya ke biya ba.

Batun riga kuwa, ki tambayi Medet ko ya taɓa ganin an rataye rigar wanda ake da sauran buƙatarsa. Kin ɗauka ke kika sallami shugaban nan ranar. Shi ne ya zo har gida ya cika wa mijinki finjali a gaban mahaifinsa, tsohon kuma yana godiya.

Allah ya ba Medet lafiya, ya ƙara wa Ata kwana, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Raushan-apai