Fentin Tagogi Ya Taso

Kai sarkin gaggawa,

Na fita kana barci. Na duba tagogin alminiyam da ka yi wa fenti jiya. Farce kawai na sa, fentin ya taso kamar ɓawon albasa. Ba ka goge su da samfefa ba, kuma da tsumman maiko ka share su. Ta ina fenti zai kama?

Mai tagogin zai zo da yamma, kuma sunana ya sani, ba naka ba. Ka kankare su tas, ka wanke da sabulu, su bushe. Kada ka taɓa gwangwanin fenti sai na dawo. Gara in ce masa ban gama ba, da a ce hannuna ya lalace.

Babanka