Ƙwayar Ƙasar Takanamat da Sunan Ɗiyata

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Binciken Ƙasar Noma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Malam Sanusi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tahoua, mahaifin marigayiya Hadiza wadda ta yi aiki a ƙarƙashinku. Na rubuto muku a asirce, shiru. Na zo da ƙafata, aka ce kuna taro. Shi ya sa yau nake magana a bainar jama'a.

Na farko. Hadiza ce ta ɗebo ƙasar. Damina biyu tana bin motar kasuwa zuwa Takanamat, tana tona gindin gawo a gonar kawunta, tana cika kwalabe da ƙasa da saiwar wake. A ciki ta gano wata ƙwayar bakteriya, irin halittar nan da ido ba ya gani, mai taimakon wake ya yi kyau a ƙasar da ta gaji. Ta gwada ta da duk irin da masana suka sani, ba ta dace da ko ɗaya ba. Ranar da ta tabbatar, ta kira ni, ta ce, "Baba, na gano danginta, amma ba ta da suna. Mu za mu raɗa mata."

Na biyu. Bara da kaka zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rasu ba a kammala rubuta rahoton binciken ba. Kun zo gaisuwa, kun zauna kan tabarmata, kuka ce aikinta ba zai bi ta kabari ba. Na yarda, na miƙa muku kwamfutarta da hannuna.

Na uku. Bana rahoton ya fito. An sa ƙwayar cikin danginta, an raɗa mata sunan wani babban baƙo da bai taɓa taka yankinmu na Adar ba. Sunayen marubuta sun cika layi, babu Hadiza. Ko a wurin godiya babu ita. Inda aka ɗebo ƙasar kuma, "arewacin Nijar" kawai aka rubuta, sai ka ce Takanamat ba gari ba ne.

An gaya mini sunan da aka riga aka buga ba ya sauyuwa. Na haƙura da wannan, ko da yake da ciwo. Abin da nake roƙo shi ne a buga gyara, a sa sunanta cikin marubuta, a ambaci garin. A kuma maido mana kwamfutar, domin hotunanta na ƙarshe suna ciki.

Mahaifiyarta ba ta karatu. Tun da ta ji rahoton ya fito take cewa in nuna mata inda sunan ɗiyarta yake, ta ɗora yatsa a kai. Kullum ina ce mata sai gobe. Ranka ya daɗe, na tsufa, ba na so in yi mata ƙarya.

Allah Ya yi muku jagora, Ya raya zuriyarku, Ya sa kada ku ɗanɗani abin da muka ɗanɗana.

Wassalam.

Malam Sanusi,
Tahoua