Ƙorafi Kan Ƙarar da Aka Kai Ezekiel da Sunana

Malama Keziah Aaron,
Shugabar makarantar firamare mai ritaya,
Unguwar Rikoto, Zuru.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Manajan Sashen Biyan Diyya,
Kamfanin Inshora na Inuwar Matafiya,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAMMACIN DA KUKA AIKA WA MAƘWABCINA

Bayan gaisuwa gwargwadon darajar kujerarka, ga ƙorafina.

1. Ranar 3 ga Yuni, a hanyar Ribah, maƙwabcina Ezekiel, direban a-kori-kura, ya bugi motata ta baya. Kamfaninku ya biya kuɗin gyara. Ba alfarma kuka yi mini ba, don haka nake zuba muku kuɗi duk shekara.

2. Tun kafin kuɗinku su fito, dattawan unguwa suka zaunar da mu. Ezekiel ya durƙusa ya amsa laifinsa, ya tara 'yan'uwansa suka nome mini gonar dawa kaf. Ni kuma na ce na yafe, da bakina, a gaban jama'a. A wurinmu ba a yafewa a dawo.

3. Ranar 2 ga Oktoba sai ga sammaci a gidansa, wai ni ce mai ƙara! Wakilinku ya ce wanda ya biya diyya shi ke gadon haƙƙin bin mai laifi, ko'ina haka ake yi. Na tsufa a aji, ranka ya daɗe. "Haka ake yi" amsar ɗalibin da bai yi bita ba ce. Na karanta yarjejeniyar inshorar, sharaɗin yana nan, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Wa ya nuna mini shi ranar da kuka karɓi kuɗina?

4. Wakilin naku ya ƙara da cewa yafewata ta ɓata muku shari'a, don haka ko in tsaya shaida ko in mayar da kuɗin. Yau Dinah, matar Ezekiel, ba ta amsa gaisuwata. A coci mata suna matsawa idan na zauna. An ce na ci gumin mutum, na kuma kai shi kotu.

Saboda haka ina roƙo a janye ƙarar nan. Shaida kam ba zan tsaya ba. Idan dole ne ku karɓi kuɗinku, ku cira daga fanshona. Sannan ku rubuto, da Hausa, cewa ku kuka kai ƙara ba ni ba, a karanta wa dattawa. Garin nan za a binne ni, ba Birnin Kebbi ba.

Ka huta lafiya, da girmamawar da ta rage mini.

Keziah Aaron (Malama)